Na ɗauko 'yan amadar unguwarmu a yinin bikin autata

Yara sun nace a kira DJ, na ce ai kuɗina ne, ni kiɗan ƙwarya nake so. 'Yar Funtua ce ni, garin Barmani Choge, kuma tun rasuwarta a 2013 ban ƙara jin amadar da ta ratsa ni ba. Maƙwabciyata ce ta haɗa ni da wasu mata da ke haɗuwa duk Laraba bayan la'asar a gidan uwar ƙungiyarsu, nan Zariya.

Bari in fara da laifinsu. Mun yi da su ƙarfe 2, sai 4 saura suka iso, lasifikarsu kuma ƙara kawai take yi, sai da aka aro ta wani maƙwabci. Roƙon ma ya ɗan yi yawa. Sun kama sunan ƙanwar maigidana, ba su sake ta ba sai da jakarta ta yi wayam.

Amma da aka kife ƙorai, aka sa babbar cikin daro da ruwa, tsakar gida ta ɗauka. Amon ta cikin ruwan nan a ƙirji ake jin sa. Gwaggona da ke kukan ciwon gwiwa sai ga ta a fili ta ci ɗamara.

Abin da ya tsaya min a rai wata yarinya ce cikin 'yan amshi. Shekara da shekaru ina sayen awara wurinta a bakin layinmu, ban taɓa sanin tana da murya ba. Uwar ƙungiya ta miƙa mata baiti biyu, wallahi sai da gidan ya yi tsit. Da na tare ta daga baya ta ce, "Hajiya, da tafi na fara, sannan amshi, yanzu ana koya min ƙaramar ƙwarya." Ta ce kuɗin liƙi wuri ɗaya ake tarawa, a cire na asusu don sauya ƙwaryar da ta fashe ko duba wadda ta kwanta ciwo, sauran a raba har da masu koyo. Da rabonta take ƙara jarin waken suya.

In za ki kira su, ki rage awa biyu a lokacin da za ki faɗa musu, ki tanadi lasifikarki, ki kuma yi canjin 'yan ɗari biyu-biyu tun da safe.