Sikirin ɗin AMOLED akwai kyau, amma direba ya yi hattara

Masu tambayata a kan wayar nan mai sikirin AMOLED da na saya bara, to ga abin da na gani. Maganar kyau kam ba ƙarya, baƙinta baƙi ne ƙirin, saboda ba fitila a bayan sikirin ɗin irin na LCD, kowane ɗigo shi ke ba da haskensa da kansa, inda baƙi yake sai ɗigon ya ɗauke wuta kawai, shi ya sa in ka mayar da fuskar wayar baƙa batir ke jimawa. Kallon ƙwallo da daddare a kanta, kai, sai wanda ya gani.

Amma ni tuƙi nake yi a Abuja, Kubwa, Wuse, Lugbe, Nyanya, wuni Google Maps a kunne, waya maƙale jikin gilashin mota rana na dukanta, haske kuma dole ka ƙure shi in ba haka ba ba ka ganin komai. Ko shekara ba a rufa ba sai ga inuwar taswirar ta zauna daram, in buɗe WhatsApp tana nan, in buɗe hoto tana nan, akwatin nan na sama mai nuna kwana har da alamar batir, fari kuma ya fara komawa ruwan ɗorawa.

Mai gyara ya ce min "Oga ƙonewa ce, sai dai canji." Sinadaran da ke ba da hasken na kabon ne, yawan aiki da zafi na tsufar da su, kuma shuɗin ne ke riga gajiya, ja da kore an samo musu masu haɗin wani ƙarfe da ake kira iridiyam da suka fi juriya, shuɗi kuwa har yau ana fama. Abin da aka ƙirƙiro a kamfanin Kodak tun 1987 fa, a ce har yanzu shuɗi ya gagara?

Kuɗin orijinal ya fi ƙarfina, ya sa min kwafi yana ta rantsuwa wai duk ɗaya ne. Ina ɗaya! LCD ce wallahi, baƙi ya koma toka-toka, ɗora yatsa a sikirin ta buɗe ya daina aiki kwatakwata, caji kuma kafin la'asar ya yi ƙasa. Har kewar mai inuwar nan nake yi yanzu, ita dai ko ba komai tana buɗewa da yatsa. Mai zaman ofis ya sayi waya mai AMOLED hankali kwance, ba abin da zai same ta da wuri. Shi kuwa mai gyaran, duk sanda na kira sai ya ce ya je sallah in kira anjima.