Ralantin 504 ya hau: tsohuwar Solex ko sabuwar karbireta?

Malam, ka ce ralantin Fijo 504 ɗinka ya hau, wato injin na kuka da ƙarfi a tsaye. Kada ka taɓa Solex ɗin nan taka, karbiretar da ke kan motar. Sabuwar da ka gani a kwali, wadda kake tambaya ko ita za ta sauko maka da ralanti, ni na taɓa sayen irinta, kuma har yau in na tuna kuɗin sai raina ya ɓaci. Tana ƙyalli, ta hau injin daidai, shi ke nan abin da zan faɗa a kanta. Mako uku ta fara ɗigar esansi, kuma ralantin bai sauka ko kaɗan ba, don ciwon ba a can yake ba.

Tawa 504 ɗin ta mahaifina ce. Wata shekara cikin watan Afrilu, lokacin da zafin Yamai ke kai 45, sai ta fara kuka a tsaye kamar an taka mata totur, in na tsaya a danja mutane na waigowa. Bayan na yi asarar da na faɗa, wani tsohon makaniki ya sa na mayar da Solex ɗin da na jefa a buhu. Bai ɗauki ko sukundireba ba. Injin na aiki, ya bi tiyo ɗaya bayan ɗaya yana matsewa da filaya. Da ya kai kan tiyon da ke tafiya zuwa gangar birki, nan take murya ta kwanta. Ya juyo min cikinsa: ya tsage ta ƙasa, inda ido ba ya gani, robar ta bushe kamar ƙilishi. Iska ce ke shiga ta ɓarauniyar hanya, injin yana sha ba da saninka ba. Tiyo guda da kolye biyu, injin ya dawo juyi wajen 800 zuwa 900 a minti, sai ka ɗora kofin shayi a kanta.

Saboda haka ka fara da wannan tiyon, sannan ƙaramin da ke zuwa dalko, mai raba wa fulogogi wuta, sannan juwan ɗin da ke ƙarƙashin karbireta, wato gasket. Fesa masa ruwa kaɗan, in murya ta canza to yana zuƙar iska. Duba ma waya ta totur, wasu yaran gareji kan ɗaure ta tamau.

Tiyon da ke fitowa daga injin zuwa tukunyar filtar iska kuwa, wanda ke kai tururin mai, shi ba kasafai yake ɗaga ralanti ba, amma in ya cire ƙurar hunturu za ta shiga kai tsaye. Mayar da shi mazauninsa, kada ka toshe shi da tsumma, mai zai nemi hanya ta juwan.

Ba ka tambaya ba, amma ka yi hattara a kasuwar Katako ta Yamai. Akwai masu wanke tsohuwar karbireta tas su ce maka daga Faransa ta sauka, alhali sandar malam-buɗe-littafinta, faifan da totur ke buɗewa iska ta shiga, ta cinye. Kama sandar ka girgiza, in tana wasa ajiye musu kayansu. Tiyo kuma, ban da farin nan na ban-ruwa, zafi na taɓa shi zai laushe ya manne. Nemi baƙi mai zare a ciki, ka tafi da tsohon a hannu don a auna.