Ƙamusun Cambridge na intanet da furucin kalmomin ilimin duwatsu

Ga ɗalibanmu Hausawa da ke karatun ilimin duwatsu a Jami'ar Sarki Abdul'aziz da ke Jidda, wannan ƙamus na kyauta yana da amfani ƙwarai, domin yana raba kalma gaɓa-gaɓa da ɗigo, yana nuna gaɓar da ake ƙarfafawa, sannan yana karanto ta da muryar Ingila da ta Amurka. A nan ne ɗalibi zai ji cewa geology ana ƙarfafa gaɓarta ta biyu, amma geological ƙarfin yana komawa ta uku, kuma ph na lithosphere da metamorphic f ake furta shi. Na fi ganin amfaninsa kafin gabatar da bincike a gaban malamai, inda furuci mara kyau ke ɓata kyakkyawan aiki.