Zaure na Daban ko Zaure Ɗaya da Kowa?

Masu fasaha da ke da nakasa suna da hanyoyi biyu na baje kolin ayyukansu.

Ta farko ita ce baje koli nasu na kansu, irin wanda cibiyar Creative Growth, wadda aka kafa a Oakland a Amurka a 1974, take shiryawa. A nan mutum yana samun wurin aiki, kayan aiki da lokaci, ba mai hanzarta shi. Marigayiya Judith Scott, kurma ce mai larurar Down (larurar da ake haifar mutum da ita, mai jinkirta koyo), a wannan cibiya ta fara naɗe abubuwa da zare da ulu, har ta zama gwana. Illar ita ce, wasu 'yan kallo tausayi ke kawo su, su yaba su wuce ba tare da sun tsaya sun dubi aikin da kyau ba. Wannan yana ci mini rai.

Ta biyu kuwa, a rataye aikin kafaɗa da kafaɗa da na kowa. Ayyukan Scott sun shiga babban baje kolin birnin Venis na Italiya a 2017, ƙungiyar Project Art Works ta Ingila, mai aiki da masu fasaha da ke da nakasa, kuma ta kai matakin ƙarshe na kyautar Turner, babbar kyautar fasaha ta Birtaniya, a 2021. Ni nan zuciyata ta fi karkata, muddin an tanadi hanyar keken guragu, mai fassarar yaren kurame da bayanin da makafi za su saurara.