Bokitin tsamar da kashin kyanwa da kare: yana kashe wari, amma ba ya kashe ƙwan tsutsa

Duk wanda ya zauna a Legas ya san dalilin da ya sa gidaje da yawa ba sa rabuwa da kyanwa, domin ɓerayen garin nan ba sa shakkar mutum, balle tarko. A gidanmu da ke Agege akwai kyanwoyi biyu, akwai kuma kare da ke gadin rumbun kaya a bayan gida, kuma abin da ya daɗe yana damuna shi ne inda kashinsu yake ƙarewa. Abin da aka saba shi ne a ƙulle shi a leda a jefa a kwandon shara, mota ta kwashe zuwa manyan juji irin na Olusosun da ke Ojota, a garin da ake ƙiyasta yana fitar da shara kimanin tan 13,000 a kowace rana. A cikin ledar da aka ƙulle kashin yana ruɓewa ba tare da iska ba, yana fitar da iskar methane mai ƙara ɗumamar yanayi, ita kuwa ledar tana nan daram shekara da shekaru. Waɗanda ba su damu ba ma sharewa suke yi cikin kwata, ruwan sama ya raba wa maƙwabta.

Wannan ne ya sa na sayi bokitin da ake kira bokashi daga wata mai sayar da kayan lambu ta intanet, kuma na yi amfani da shi tun daga ƙarshen rani har damina ta ratsa. Abin da aka kawo mini shi ne bokiti biyu masu cin lita 20 kowanne, da murfi mai roba a baki don kada iska ta shiga, da faranti mai huji-huji a ciki wanda yake raba tsaki da ruwa, da ɗan famfo a gindi, sai jakar dusa wadda aka riga aka cakuɗa da ƙwayoyin halitta masu kawo tsami.

Dabarar ta fito ne daga Japan. Wanda ya yaɗa ta a wannan zamani shi ne Farfesa Teruo Higa na Jami'ar Ryukyus da ke Okinawa, wanda a farkon shekarun 1980 ya haɗa wani gaurayen ƙwayoyin halitta da aka fi sani da EM. A cikinsu akwai yis, akwai kuma ƙwayoyin da ke tsamar da nono da gasara, waɗanda su ne suke yin mafi yawan aikin. Ana raya su a jikin dusar alkama ko ta shinkafa tare da baƙin ruwan rake mai kauri da ke saura bayan an tace sukari. Idan aka barbaɗa dusar a kan ƙazanta aka toshe iska, sai ƙwayoyin su cinye zaƙin su mayar da shi tsami, tsamin kuma ya hana ƙwayoyin ruɓa da ke kawo ɗoyi sakat. Abin lura a nan, wanda zan komo kansa, shi ne wannan aiki ba ya haifar da zafi irin na tarin taki da ake juyawa a gona.

Aikin kullum ba shi da wahala. Da safe nakan sa safar hannu, in kwashe da ƙaramin shebur da na keɓe don haka, in zuba a bokiti, in barbaɗa dusa cikin tafi ɗaya, in danne da wani katako domin iskar da ke tsakani ta fita, sannan in rufe murfin har ya yi ƙara. Idan bokiti ya cika sai a ajiye shi a inuwa mako biyu ba a buɗe ba, a koma ga na biyun. Zafin Legas yana taimaka wa tsamin ya kama da wuri, amma rana kai tsaye tana ɓata shi. Da na buɗe na farko bayan wa'adinsa, na tarar da farar fumfuna mai laushi ta lulluɓe saman kamar auduga, warin kuma tsami-tsami ne mai ɗan yaji a hanci. Farar fumfuna alama ce ta cewa abu ya yi, baƙa ko koriya kuwa tana nufin iska ta shiga ko dusa ta yi kaɗan.

Ta fuskar wari da ƙuda, ba ni da abin cewa sai yabo. Bayan gidan da a da ba a iya tsayawa a cikinsa da azahar ya zama wurin da ake shanya, ƙudajen da ke taruwa a bakin kwandon shara sun ragu ƙwarai, kuma mun daina ɓarnar leda a daidai lokacin da gwamnatin jihar take matsa lamba a kan robobin da ake amfani da su sau ɗaya a yar, tun bayan haramta kwanon soso na zuba abinci a watan Janairun 2024. Mai kyanwa dai ya sani cewa yashin kanti da ake zuba wa kyanwa ta yi kashi a kai, wanda ake yi da yumɓu, ba ya narkewa a bokiti, dunƙulewa yake yi ya toshe farantin. Garin katako daga wurin masu yankan katako ya fi dacewa, ga arha, kuma kyanwoyin sun karɓe shi bayan ɗan jan aji.

Ƙirar bokitin ita ce ba ta kai kuɗinta ba. Famfon roba ne mara ƙwari, kuma na ɗaya daga cikin biyun ya fara ɗiga tun kafin a je ko'ina, har sai da mai gyaran famfo ya sake masa robar da ke hana ɗiga. Ruwan da ke taruwa a gindi dole ne a tsiyaye shi duk bayan kwana biyu ko uku, kuma shi kam warinsa ba na wasa ba ne. Takardar da ta zo da kayan ta ce a sirka shi da ruwa a ba shuka, wanda daidai ne idan ɓawon doya da ragowar abinci aka tsamar, amma ruwan kashin kare wurinsa masai ne, ba gindin shuka ba, ba kwata ba. Ita ma dusar tana jan laima a watan Yuni idan ba a ɗaure bakin jakar sosai ba, kuma ɓeraye suna son ta fiye da yadda mai saye zai so.

Inda na fi saɓawa da mai sayarwar shi ne tallar da ta rubuta cewa tsamin yana kashe dukkan ƙwayoyin cuta, har a iya zuba takin a kan alayyafo da tumatir. Gaskiya ne tsami mai ƙarfi yana rage ƙwayoyin bakteriya da yawa, amma ba su kaɗai ne a cikin kashin waɗannan dabbobi ba. Akwai ƙwan tsutsar ciki da ake kira Toxocara, wadda ke jikin karnuka da kyanwoyi, mai kaurin ɓawo, da ke iya zama a ƙasa shekaru tana jiran yaron da zai yi wasa da ƙasa ya kai hannu baki, kuma tana iya taɓa hanta ko ido. Akwai kuma Toxoplasma, wadda kyanwa ce kaɗai take fitar da ƙwayayenta a kashi, suna zama masu harbi bayan kwana 1 zuwa 5, suna iya wuce shekara a ƙasa mai laima, kuma hatsarinsu ya fi tsanani ga mai juna biyu da abin da ke cikinta. Abin da ke kashe irin waɗannan shi ne zafi mai yawa, wanda bokitin nan ba ya samarwa. Da na kai karen allurar shekara na nuna wa likitan dabbobi takardar, sai ya yi murmushi ya ce, "Alhaji, ka ba fulawa da itacen inuwa, amma abin da za a sa a tukunya kada ya kusance shi." Ya ƙara da cewa ba dabbobin maganin tsutsa a kan kari, da kwashe kashin kyanwa kowace rana kafin ya kwana, sun fi kowane bokiti kare iyali. Tun daga nan uwargida ba ta taɓa wannan aiki, yara kuma ba sa zuwa wurin.

Sai batun binnewa, wanda a Legas shi ne ainihin ƙashin bayan maganar, domin abin da ke fitowa daga bokiti bai zama taki ba tukuna. Dole a haƙa rami mai zurfin da ya kai gwiwa, a cakuɗa da ƙasa, a rufe, a ɗora bulo a kai don kada karen ya tone, sannan a bar shi kamar wata guda. A jar ƙasar Agege, wadda take kan tudu, da na duba bayan wata ban ga komai ba sai baƙar ƙasa mai laushi da tana, kuma itacen dogon yaro da ke kusa ya yi kore shar. To amma wanda ke Ajah ko Lekki ko Ajegunle, inda ake haƙa kaɗan a tarar da ruwa, kuma kowane gida yana da rijiya ko burtsatse, lissafinsa daban ne. Ƙa'idar da aka saba bi wajen haƙa masai ita ce a nisanta shi da rijiya da kimanin mita 30, kuma ina ganin ita ce ya kamata a bi a nan, alhali filayen Legas kaɗan ne suke da wannan sarari. Kwalarar da ta ɓarke a garin nan a watan Yunin 2024 ba daga dabbobi ta fito ba, amma ta nuna yadda ƙazanta take saurin isa ruwan sha da zarar an yi ambaliya. Saboda haka a makonnin da ruwa ya fi ƙarfi ban binne komai ba, na bar bokitin a rufe har aka sami sararin watan Agusta.

A gidan Musulmi akwai ƙarin abin kiyayewa, tunda kashin kare da na kyanwa najasa ne. Na ajiye bokitan nesa da wurin alwala da igiyar shanyar tufafin salla, shebur da safar hannu suna rataye a wuri guda ba a haɗa su da komai, kuma ina sauya riga idan na gama.

Game da kuɗi, bokitan sun ninka farashin bokitin fenti mai murfi sau da yawa, alhali shi ma zai yi aikin idan aka huda gindin ɗaya aka zura shi cikin wani. Abin da ya cancanci a saya shi ne dusar, kuma ita ce kuɗin da ba ya ƙarewa, ko da yake wanda ya sami ruwan EM zai iya haɗa tasa da dusar alkama irin wadda masu kiwon raguna suke saye, da narkakkiyar mazarƙwaila. Ina ba mai gida da fili, wanda ke kan tudu kuma yake da fulawa ko itatuwan da ba a cin 'ya'yansu, shawarar ya gwada. Wanda ke haya a ɗaki ɗaya cikin gidan da aka malale tsakar gidansa da siminti, ko wanda rijiyarsa take taku kaɗan daga katanga, kada ya kashe kuɗinsa, domin bayan mako biyu zai tsinci kansa da cikakken bokiti mai lita 20 ba shi da inda zai juye shi.