Bod ɗin nan ya ci min kwana uku kafin na gano inda gizo ke saƙar

Ni dai abu ɗaya ya sa na sayi madabod ɗin nan, wato babban allon da kayan cikin kwamfuta ke hawa kansa, an rubuta Z390 a jikinsa, irin wanda ke yarda a ƙara wa firosesa gudu, kuma ina da firosesa i5-9600K da na samu ta hannu, to tunda akwai K a ƙarshen sunan, alamar ana iya ƙara mata gudu, me zai hana in ɗan matsa mata. Sunan kamfanin ba sai na kama ba, 'yan harka sun san shi, shi ne dai mafi araha cikin waɗanda ke yawo a kasuwa, wanda gefen soket ɗinsa, wato mazaunin firosesa, yake tsirara babu ko ɗan ƙarfen shan zafi. Da idona na gani lokacin saye, kwaɗayin araha ne ya rufe min baki.

Firosesar nan daga kamfani 3.7 GHz take, tana iya hawa 4.6 da kanta. Na shiga BIOS, wato shafin saitin bod ɗin, na sa lambar ninki 49, wato 4900 MHz, a dukka ƙwaƙwalenta (core) shida, wuta volt 1.30, ta tashi lafiya lau. Ina buɗe CPU-Z, manhajar da ke nuna gudun firosesa, sai na ga 800 MHz. Wallahi gabana ya faɗi, na ɗauka na ƙona ta. Ina motsa linzami ta haura 4900, na saki ta sake faɗowa. Ashe wannan ba komai ba ne, SpeedStep ne da tsarin wutar Windows da ke kan Balanced, in babu aiki sai ta rage gudu don kar ta sha wuta a banza, kamar mai babur da ya tsaya a danja ya saki totur. Har 4890 ɗin da nake gani maimakon 4900 cif, agogon tushe ne yake kan 99.8 ba 100 ba, ka ninka da 49 ka gani. A nan na ce kai ashe na zargi bod ɗin a banza, har na fara yabonsa a gurup ɗinmu.

Na biyu kuma laifina ne rabi. Duk sanda na sa aiki mai nauyi sai ta sauka 4700 ta zauna daram. Akwai wani saiti na AVX, wani nau'in lissafi mai nauyi, da yake cire 2 daga lambar da ka sa in manhaja ta nemi irin wannan lissafin, na same shi a ɓoye can ƙasan wani shafi da ba za ka taɓa tunanin can yake ba. BIOS ɗin nan gaskiya kamar ɗakin gwauro yake, komai na nan amma sai ka tona. Na mayar da shi sifili, shikenan.

To ainihin abin da ya ɓata min rai shi ne ranar da nake fitar da bidiyon bikin wani da na yi alƙawarin kaiwa bayan la'asar. Watan Afrilu ne, Kano kun san yadda take, ɗakin kamar tanda. Minti goma da farawa sai na ga lokacin da ya rage yana ƙaruwa maimakon raguwa. Na duba, gudu yana 4900 sai fat ya faɗo 800, ya yi 'yan daƙiƙu ya koma, ya sake faɗowa, ana tsaka da aiki fa. Zafin firosesa kuma 78 ne kawai, alhali sai ta kai 100 take ja da baya da kanta. Na cire kula, wato abin sanyaya firosesa, na goge man da ke tsakaninsu na sake shafa sabo har sau biyu, na zagi kular da ba ta ji ba ba ta gani ba. Sai a kwana na uku wani abokina da ke gyara ya zo ya ce malam buɗe manhajar HWiNFO, ya nuna min layin gargaɗin zafin VRM ya koma Yes. VRM su ne waɗannan ƙananan baƙaƙen abubuwan da ke jere a gefen soket, su ke sauke wutar 12V zuwa ɗaya da ɗigo ukun da firosesa ke ci, in suka yi zafi fiye da kima sai bod ya ce wa firosesa dakata. Na kai yatsa don in tabbatar, ban ƙara ba, sai da wurin ya yi ja.

Abin haushin kular tawa irin mai tsayin nan ce, iskarta baya take wucewa, ko kaɗan ba ta sauka kansu. Yanzu wata 'yar fanka mai milimita 80 na ɗaure da waya tana hura su kai tsaye, na sauko 48 na rage wutar zuwa 1.26, tun daga nan bai sake faɗuwa ba. Amma don Allah ina amfanin buga wa kwali hoton wuta da alƙawarin ƙarin gudu in ba za ka iya sa ƙarfen da bai kai kuɗin kati ba? In a gudunta na asali za ka bar ta, bod ɗin ba laifi, wata biyar bai taɓa kashe kansa ba. Ni dai tauraro biyu na ba shi, kuma mai bikin har yau in mun haɗu sai ya tuna min da la'asar ɗin nan.