Sake JAMB ko IJMB, ga mai 2:2 da ke son likitanci

Ƙanwata, kin tambaya wace hanya za ki bi zuwa karatun likitanci bayan digirinki na farko, sake JAMB ko IJMB. Ki sake rubuta JAMB ki shiga daga aji ɗaya. Amsata ke nan. Da 2:2 ɗin da kika ce kin fita da shi a Bayokemistiri, ga Kemistiri da Fiziks da suka yi ta ba ki kariyoba, IJMB, wato karatun share fage da ke kai mutum aji biyu na jami'a kai tsaye, ba ita ce ta dace da ke ba, duk da na san abin da ke jan hankalinki gare ta, wato zancen rage shekara guda.

Digirin da ke hannunki ki ajiye shi gefe tukuna. Yawancin jami'o'in da ke karɓar mai digiri kai tsaye zuwa aji biyu na likitanci 2:1 suke nema, wato maki 3.50 zuwa sama cikin biyar, ke kuwa kina tsakanin 2.40 da 3.49. Za ki ji masu ba ki shawarar ki yi PGD, wato difloma ta bayan digiri, ko digiri na biyu don ki wanke shi. Ba ya wankuwa. Matsayin digirin farko yana nan yadda aka buga shi a satifiket, shi kuma za a duba.

Abin da ya sa nake son hanyar JAMB shi ne ba ruwanta da abin da kika ci a jami'ar baya. Darussa huɗu ne: Turanci, Bayoloji, Kemistiri da Fiziks, tambayoyi 180 a kwamfuta cikin awa biyu, maki 400. Sai kiredit biyar na WAEC ko NECO a waɗannan huɗun haɗe da Lissafi, kuma makarantun likitanci da yawa suna son su zama na zama ɗaya, don haka ki ciro takardarki ki duba tun yau. Ba na ce da sauƙi ba. A 2024 kusan kashi 76 cikin ɗari na waɗanda suka rubuta ba su kai 200 ba, waɗanda suka ci 300 zuwa sama kuwa ba su wuce rabin kashi ɗaya cikin ɗari ba. Ke 280 za ki sa a gaba, in ya wuce haka ma ya fi. Amma manhajar ta sakandare ce, tana da iyaka, JAMB ta wallafa ta kyauta, tsoffin tambayoyi kuma sun cika kasuwa. Wadda ta zauna shekara huɗu a tsangayar kimiyya, ko da da ƙyar ta fita, ta fi ɗan SS3 sanin yadda ake zama da littafi.

Ni ta nan na bi, kuma da irin sakamakonki na fito daga digirina na farko. Makon farko a aji ɗaya duk 'yan ajin Anti suke ce min, wasu har da rusunawa, don na girme su nesa ba kusa ba. Abin ya ɗan sosa min rai da farko. Amma shekarar nan da kowa ke cewa asara ce, ita ce ta gyara ni. Akwai wani dattijo mai kula da ɗakin gwajin Kemistiri, ba lakcara ba ne, amma duk wanda ya bi ta hannunsa ya san shi. Ranar da muke auna asid da alkali, na saki ruwan da yawa, kwalbar ta koma ja jawur, na rubuta lambar da na san ita ake nema na miƙa masa. Ya kalli kwalbar, ya kalle ni, ya ce, "Hajiya, wannan lambar ta littafi ce, ba ta kwalbarki ba." Ya sa na zubar na sake, ɗigo-ɗigo, har sai da launin ya tsaya a ɗan ruwan hoda mai haske. Daga nan ya ja kujera ya tambaye ni me ya sa lissafin ya fito haka. Na yi shiru. Shekara huɗu ina cin jarrabawa da haddar takardun lakca a aji mai ɗaruruwan mutane, ba wanda ya taɓa tsare ni da wannan tambaya. A bayan takardar rahotona ya zana min lissafin mol tun daga tushe, kuma tun ranar Kemistiri ya daina ba ni tsoro.

Na kawo wannan ne don ki gane cewa samun gurbi rabin aiki ne. A makarantar likitanci 50 ake ci, ba 40 ba, kuma tun daga aji ɗaya ake tankaɗe: wanda bai haye Fiziks da Kemistiri da Bayoloji ba, ba zai ga aji biyu na likitanci ba, sai a mayar da shi wani kwas. A gaba kuma babbar jarrabawar Anatomi da Fiziyoloji da Bayokemistiri na jira, wadda ta kori mutane masu ƙoƙari da yawa. Wanda ya shiga da rami a tushensa, a nan ramin yake buɗewa. Wani abin daɗi kuma, a nan ne tsohon digirinki zai biya ki. Lokacin da yara ke kuka da zagayen Krebs da sunayen sinadaran da ba sa zama a ka, ke kin taɓa ganin su, ko da a gurguje ne. Ni da aka sani da faɗuwa a kwas ɗin, ni na koma mai yi wa 'yan ajinmu bita da daddare.

IJMB kuwa, ba zan ce ba ta da kyau ba. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ce ke kula da ita, takwararta JUPEB kuma ta fito a 2014 ƙarƙashin jagorancin Jami'ar Legas. Darussa uku ake yi na kusan shekara guda, A maki biyar, B huɗu, haka har ƙasa, da ƙarin maki ɗaya ga wanda ya haye duka ukun, jimilla 16. Ana koyarwa da zurfi, akwai rubutu da aikin ɗakin gwaji, wannan na yarda. Matsalar tana wajen gurbi. Hukumar MDCN mai kula da aikin likitanci a Najeriya ta ƙayyade wa kowace makaranta adadin ɗaliban da za ta ɗauka, kuma waɗanda suka hauro daga aji ɗaya su ke cike yawancin kujerun aji biyu. Ɗan abin da ya rage shi za ki yi kokawa a kansa da masu maki 15 da 16, da masu digiri mai daraja ta ɗaya da 2:1. Ba kowace jami'a ce ma ke karɓar IJMB da JUPEB duka biyun ba. Ɗan yayata ya bi ta nan, mun kashe kuɗin makaranta da na haya, ya fito da maki mai kyau, aka ba shi Fiziyoloji. Shi bai yi asara ba tunda ba shi da digiri. Ke in aka yi miki haka, digirin kimiyya na biyu za ki tara a kan na farko. Kuma JAMB ba ta yarda mutum ya sayi fom ɗin UTME (jarrabawar shiga aji ɗaya) da na DE (shiga aji biyu kai tsaye) a shekara guda ba, balle ki ce za ki jefa ƙafa biyu.

Ba ki tambaya ba, amma tunda kin rubuta wannan a fili, ki shirya ganin saƙonni a akwatinki. Akwai mai cewa yana da mutum a cikin JAMB da zai ɗaga miki maki, akwai mai sayar da gurbin likitanci, akwai cibiyar IJMB da ba ta da rajista, hoton gini kawai gare ta da lambar asusun wani mutum. Mafi haɗari su ne masu ba da sakamako ba tare da an shiga aji ba. A 2023 JAMB ta bayyana cewa cikin takardu 148 na masu neman DE da Jami'ar Bayero ta tantance, shida ne kawai na gaskiya, shi ya sa yanzu ake bin diddigin kowace takarda har inda ta fito. Duk gurbin da bai fito a shafinki na CAPS, inda JAMB ke fitar da gurbin karatu, ba, ba gurbi ba ne, ko wa ya sa hannu a wasiƙar. Sai dillalan karatun waje, masu cewa ba JAMB ba wahala. Kin dai ji yadda ɗan jaridar Daily Nigerian ya samo digiri daga Kwatano ta ƙasar Benin cikin mako shida, har gwamnati ta dakatar da tantance digirin Benin da Togo a farkon 2024. Ko makarantar waje ta ƙwarai ce, sai kin dawo kin ci jarrabawar MDCN kafin ki taɓa majiyyaci. Kada ki tura wa kowa ko sisi a asusunsa na kansa. Idan kuma fom ya tambaye ki ko kin taɓa yin jami'a, ki faɗi gaskiya.

Wajen zaɓen makaranta ki yi lissafi, kada ki bi suna. A jami'o'in tarayya kashi 45 na cancanta ne zalla, 35 na jihohin da ke kewayen jami'ar, 20 na jihohin da aka bari a baya a ilimi. Ki duba inda jiharku ta faɗa tsakanin Zariya, Kano, Sakkwato da Maiduguri, kada kuma ki raina sababbi irin Dutse da Azare, ko jami'ar jiharku in tana da likitanci. Takardar da MDCN za ta ba ku a ƙarshe iri ɗaya ce.

Sai ki zauna da mutanen gida ku yi maganar shekaru tun yanzu: shida a makaranta in ba a yi yajin aiki ba, na 2022 kaɗai wata takwas ya ci, sannan shekara guda ta sanin makamar aiki a asibiti. Bautar ƙasa dai in kin yi ba za ki sake ba. Wanda zai ɗauki nauyinki, uba ne ko miji, gara ya ji adadin nan daga bakinki kafin ki sayi fom.

Ki fara da Fiziks tunda shi ya fi ba ki wuya, ki samu malami ɗaya da zai zauna da ke ku biyu, ya fi miki babban ajin lesin. Duk ƙarshen mako ki rufe ɗaki ki amsa tambayoyi 180 cikin awa biyu, ki rubuta abin da kika ci. Ki kuma tabbatar sunanki da ranar haihuwarki iri ɗaya suke a NIN da takardar WAEC kafin a buɗe rajista. Littattafaina na shiri suna nan a kwali, in kina so ki yi min magana in aiko miki.